A Buɗe Mini Ɗakin Kobina In Wanke Ƙahonsa

Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da magana a kan Kobina Essel, kuma ba zan haɗiye ta ba don kawai yau an ɗaura baƙi da ja an jera kujeru a ƙofar gidansu. Mutumin nan ya kunyata ni a bainar jama'a, ranar Litinin ɗin Ista, a tsakiyar kasuwar Apam. Ya ce wai ni, Ato Bentsil, ba busa nake yi da ƙahona ba, suyar kifi nake yi a ciki. Mata suka ɗauki shewa. Har yau akwai tsofaffin da in na zo wucewa sai sun tambaye ni ko man ya yi zafi. Na jira ya ba ni haƙuri har kaina ya yi fari, har haƙorana suka zube, bai bayar ba. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta, da hantsi, aka aiko daga asibiti cewa Kobina ya cika. Ya tafi bai ce mini komai ba. Halinsa ke nan, kullum sai ya bar ni da magana a baki.

Ni ban yi makaranta ba. Ekua, matar ɗana, ita ke rubuta abin da nake faɗa don a karanta a zaman makokin nan na cikar mako. Na gaya mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, kada ta sa mini irin kalaman fasto, domin ina zaune za a karanta, kuma kunnena ɗaya yana aiki sarai.

Ga wanda bai san mu ba, ni da Kobina mu ne masu busa turombon a ƙungiyar busa ta Bakin Dutse, ƙahon nan na tagulla mai dogon hannu da ake ja ana turawa. Mu ke shiga gaba in ana jerin gwano, ba don an fi ganin girmanmu ba, sai don kada mu zunguri ƙeyar wani. Shi a dama, ni a hagu. Haka muka raka amaren garin nan, haka muka raka gawawwakinsa, tun muna da ƙarfin tura kwalekwale cikin teku har muka koma masu ɗinkin taru a inuwa.

Kobina, da kai zan yi magana yanzu, don na san kana ji, kuma wannan karon ba ka da bakin katse ni.

Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarka mun yi busa a bikin jikar mai gidan burodi. Muka bi hanyar bakin teku ana yayyafi, iska tana watso mana gishiri. Ka koma gida kana dafe da ƙirji. Matarka, Maame Araba, ta gaya mini ka sa ƙahon a akwati yadda yake, a jiƙe, da yawu da ruwan gishiri a cikinsa, ka ce, "Bari in ɗan kishingiɗa, in na tashi na wanke." Tun da na san ka ba ka taɓa yin haka ba. Daga kishingiɗar nan sai asibiti. Da ka cika, dangi suka zo suka yi abin da aka saba. Opanyin Kweku Dadzie, shugaban danginku, ya sa wa ɗakinka kwaɗo ya ɗaure makullin a gefen zanensa, ba mai taɓa kayan mamaci sai ranar da za a fito da kayan shimfiɗa gawa. Yanzu kuma na ji ana cewa sai ƙarshen Nuwamba za a yi jana'iza, in 'yan ƙasar waje sun iso. Kai an sa ka a sanyin ɗakin ajiye gawa, ba abin da zai same ka. Ƙahonka fa?

Ka san al'adar ƙungiyarmu, kai ma tarar da ita ka yi. In mai busa ya mutu, abokin tsayuwarsa ne ke ɗaukar ƙahon mamacin, ya sa nasa bakin, ya busa masa waƙar ƙarshe a bakin kabari, don ya tafi da muryar da ya saba ji. Kai ka yi wa Egya Tawiah, wanda ya koya mana mu biyu. Ni ne zan yi maka. Amma ƙahon da ya yi wata uku da gishiri a ciki, a ɗakin da ba a buɗe taga, a wannan gari da ko ƙusa ba ta shekara ba ta ruɓe ba, ya tashi daga ƙaho. Hannun zai yi kore ya kafe. Na ga irin haka da idona: ƙato biyu suka ja, ɗaya nan ɗaya can, bai fito ba sai da ya tanƙware. Ranar da za a miƙo mini naka a gaban jama'a, in na ja ya ƙi, me zan ce maka?

Bari in faɗi asalin rigimarmu, don yaran yanzu su sani. Hannun ƙaho bututu ne cikin bututu, in bai zame kamar tarwaɗa a hannu ba, busa ta lalace. Kowa da abin da yake shafa masa. Ni man kwakwa nake sa wa nawa, man ƙasarmu, mai tsabta, ana ci ana shafa wa jarirai. Kai kuwa ka ce mai yana kama ƙura ya yi danƙo. Sai ka ɗauko farin man nan da mata ke shafawa a fuska, ka lakato kamar ƙwayar shinkafa, ka shafa a ƙarshen bututun ciki, ka goge har mutum ya rantse ba komai, sannan ka fesa ruwa da tsohuwar kwalbar turare. Wai ba man ne ke sa santsi ba, ruwan ne ke gangarawa a kansa. Namiji da gemunsa, yana yawo da man mata da kwalbar turare a aljihun rigar ƙungiya!

To ran Istar nan na jingine ƙahona a gindin bishiya muka zauna cin dokunu, ƙullin masarar nan da ake dafawa a ganye, da soyayyen kifi. Da aka buga ganga muka tashi, na kai baki, ashe kiyashi sun yi layi tun daga mazurarin ƙahon har ciki. Na hura, suka cika mini leɓe, na yar da ƙaho ina tsalle ina kakkaɓa. Maimakon ka taimake ni, sai ka ɗaga hannu ka tsayar da ganga, ka ce da ƙarfi, "Jama'a, mai kifi ya kawo, Ato ya ɗora mai!" Har gobe ina nan a kan bakana: mai sayar da rake ce ta jawo kiyashin nan, don a gindin bishiyar take zubar da ɓawo. Man kwakwa ba shi da laifi. Ekua ta ɗago kai tana kallona, na ce ta rubuta haka.

Maame Araba tana zaune, ta faɗa in ƙarya nake yi. Sau nawa ta buɗe kwalbar manta ta tarar da sawun yatsanka? Ta taɓa biyo ka har inda muke wanki, kwalba a hannu, tana cewa, "Maigida, dubi fuskata kamar bandar kifi, ƙarfe kuwa sai sheƙi yake yi! Wannan adalci ne?" Ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, "Ke ko ba mai bakinki yana aiki. Shi kuwa sai da mai." Ta ɗaga kwalbar kamar za ta jefe ka, dariya ta ci ƙarfinta. Kasuwar da ta biyo baya, kwalba biyu ta sayo.

Talata ba a shiga teku, don haka ita ce ranar wankan ƙaho. Gindin dogonyaron bayan coci, baho ɗaya, ruwa mai ɗumi irin wanda za a yi wa jariri wanka, ba mai zafi ba, ka ce zafi yana cinye hasken tagulla. Sabulu kaɗan. Ka kwance ƙahon gaɓa-gaɓa ka jera a kan tsohon zane, ba ka yarda ko ɗaya ya taɓa ƙasa, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga hannu ta isa ta yi masa zane har abada. Siririyar sandarka ta wanke ciki, sai ka naɗe ta da tsumma har kanta, don kada ƙarfe ya goga ƙarfe. Inda bututu ya lanƙwasa kuma ka zura igiya mai buroshi a kai, ka jawo ta ɗaya gefen. Abin da ke fitowa daga cikin ƙahon wasu, ba na so in faɗa a gaban masu shirin cin abinci. Kana wanki kana wa'azi: "Wanda ya ci garin rogo da kifi ya busa bai kuskure baki ba, ƙahonsa ya ciyar, ba kansa ba." Mutane suna zuwa ɗiban ruwa su tsaya kallo. Ban taɓa ganin ka yi wa jikinka irin wankan nan ba.

Da wayar hannu ta zo gari, sai samarin ƙungiya suka shiga nuna maka hotunan kaya. Ga ƙafar da ake ɗora ƙaho, ga safar hannu, ga marufi mai walƙiya, ga wannan ga wancan. Ba ka hana kowa sayen abin da yake so, amma kana tambayarsa, "Sandar wanki kana da ita? Tsumma fa? Akwatinka yana rufuwa?" In ya ce a'a, sai ka ce ya je ya fara sayen wando kafin hula. Ƙafar ɗora ƙaho kam ka yarda da ita, ka ce ta fi a ajiye ƙaho a kan benci wani mai ƙiba ya zauna a kai, kuma na san don ka tsokane ni ka ƙara da cewa ta fi jingina a gindin bishiya.

Wani ya taɓa dawowa daga Takoradi da bakin ƙaho mai ruwan zinariya, yana ta juya shi a rana. Ya busa, sautin ya fito siriri kamar na sauro. Ka karɓa ka duba, ka dubi leɓensa, ka ce, "Ɗana, takalmin wani ka sayo. Ka taɓa ganin an zaɓi takalmi da ƙafar maƙwabci?" Ka ce bakin ƙaho ba a zaɓensa da ido, sai an sa a leɓe an busa ƙasa an busa sama, an yi tafiya da shi a rana har gumi ya zubo, sannan a san ko na mutum ne. Ka ba shi wani tsoho da ke akwatinka ya riƙe, kuma ban ga ranar da ka karɓa ba.

Kai kanka kayanka ba su da yawa. Toshin ƙofar yawu in ya lalace, daga tsohon silifa kake yanko wani. Igiyar da kake ɗaure hannun ƙaho da ita in za mu hau mota, zaren taru ce. Marufinka kuwa, wanda kake karawa a mazurari don sauti ya yi kuka, rabin ƙoƙon kwakwa ne da ka goge har ya yi sumul. Da ƙoƙon nan ka zubar da hawayen mutanen garin nan fiye da yadda hayaƙin banda ya zubar. In ka buɗe ka rufe a bayan akwatin gawa, sai ka ji kamar uwa ce ke kiran ɗanta. Na sha ganin ƙattin da ba su yi kuka a gaban gawar ba suna juya baya in ka fara. Akwatin ƙahon ma mai yin akwatin gawa ne ya yi maka shi, ka shimfiɗe cikinsa da zanen mahaifiyarka, ka sa gawayi a safa ka ajiye a kusurwa don ya sha laima. Amma kai ka sani, gawayi ba ya shiga cikin bututu ya sha abin da ke can.

Akwai matar nan da ta zo daga wani gari tana sayar da gishiri, ta mutu a nan ba a san danginta ba. Mutum kaɗan suka ɗauke ta da safe, ba ganga ba waƙa. Muna gyaran taru ka gan su suna wucewa. Ka ajiye allura ka shiga gida, ka fito da rigar ƙungiya da hula, ka bi su kai kaɗai kana busa har maƙabarta. Da ka dawo na tambaye ka wa ya gayyace ka. Ka ce, "Wa ya gayyace ta ita ma?" Ban gane amsar nan ba a lokacin, kuma ba na jin kai ma ka gane ta, amma na daina tambaya.

Shekarar da haƙorana na gaba suka fita, na tura ƙahona ƙarƙashin gado. Mai busa da haƙori yake tokare bakin ƙaho, in babu su leɓe ya rasa majingina, iska ta riƙa zurara ta gefe kamar tsohuwar taya. Na gwada sau ɗaya a wata jana'iza, wani abu ya fito da ban san sunansa ba, na ga masu makoki suna rufe baki da gefen zane. Na koma gida na ce na gama. Talata ta zo ban je gindin dogonyaro ba, wata ta zo ban je ba. Sai ga ka a ƙofar ɗakina da safa a hannu tana ƙara kamar an zuba tsakuwa.

"Ina mai suyar kifi?"

Na ce, "Ya mutu. Je ka busa masa."

"Ba na busa wa gawar da ke amsa sallama. Tashi zaune, tsohon banza."

Ka juye safar a kan tabarma. Bakunan ƙaho ne, manya da ƙanana, wasu sun yi baƙi don tsufa. Daga baya na ji har Sekondi ka je wurin tsofaffin mabusan sojan ruwa, ka bi su gida-gida kana roƙo, kai da ko gishiri ba ka roƙa a maƙwabta. Ka sa na gwada su ɗaya bayan ɗaya, kana karkata kai kana saurare kamar mai sayen akuya. A ƙarshe muka tsaya a kan wani mai faɗin gefe, mai zurfi, wanda ke zama a kan leɓe ba ya neman haƙori. Ka hana ni haɗa shi da ƙahon. Ka ce in riƙa hura shi haka nan tsirara, safe da yamma, har leɓen ya koyi tsayuwa da kansa. Ina hurawa awakin gidanmu suna amsawa. Kullum Talata sai ka zo ka zauna a ƙofa kana zagina har in yi.

Sai da damina ta wuce sautina ya dawo, kuma bai dawo duka ba, saman ya tafi ke nan. Sai ka juya waƙoƙinmu gaba ɗaya, ka ɗauke duk na sama ka bar mini na ƙasa, ka ce wa shugaban ƙungiya wai haka ya fi daɗi a kunne. Ba ka taɓa cewa don ni ka yi ba. Ni ma ban taɓa cewa na gane ba. Da bakin nan nake busa har yau, kuma shi zan sa a ƙahonka, in akwai ƙahon.

To, Kobina, ga abin da na yi tun da ka tafi, don kada ka ce na zauna. Na je gidan Opanyin Dadzie washegari, na yi masa gaisuwa yadda ta kamata, sannan na roƙi makulli. Ya ce in bari ƙura ta lafa. Na koma da baho a kai, da sanda da tsumma, har da farin man matan nan, wanda na shiga kasuwa da tsufana na saya. Ba don na yarda da kai ba, don ƙahonka ne, shi abin da ya saba ke nan. Na tarar da Opanyin yana cin fufu a tsakar gida.

Ya ce, "Ato, wanki ka zo yi mini?"

Na ce, "Opanyin, ƙahon ɗan'uwanka yana ruɓewa."

"Ƙarfe ne fa. Ƙarfe yana ruɓewa a wata uku?"

"Injin kwalekwalenka ƙarfe ne. Ka taɓa fito da shi daga teku ka kulle a ɗaki ba ka ɗauraye ba?"

Ya tsame hannu daga miya. Sannan ya ce, "Ba ƙin ka nake yi ba. In na buɗe maka yau, gobe ƙanwarsa ta ce zane ya ɓata, jibi ɗansa ya bugo waya ya ce ina zoben babansa. Wa za a kama? Ni. Ka manta abin da ya faru da aka buɗe ɗakin yayarmu kafin lokaci? Har yau gida biyu ba sa gaisawa. Kuma mamaci bai gama tafiya ba tukuna. In ya leƙo ɗakinsa ya tarar an taɓa masa kaya fa?"

Na ce, "In ya leƙo ya tarar ƙahonsa ya yi kore, ni da kai wa zai fara shaƙewa?"

Ya yi dariya har ya ƙware, aka kawo masa ruwa. Ya ce zai yi shawara da dangi. Na san shawarar dangi. Ana yin ta har ciyawa ta fito a kan kabari.

Ban ce Opanyin mugu ba ne. Mutum ne mai riƙon amana, shi ya sa aka ba shi makulli ba a ba ni ba. Al'ada kuma ban raina ta ba, a cikinta aka haife ni, a cikinta za a kulle nawa ɗakin. Amma waɗanda suka kafa ta zannuwa da duwatsun wuya suka kulle, abubuwan da ke jira. Ba su san wani abu da ake hura masa numfashi ya kwana da shi a ciki ba.

Opanyin, yanzu da kai nake. Tunda jama'a sun taru, bari in tuna maka abin da ka sani. Shekarar da kifi ya yi yawa har aka rasa itacen banda, kwalekwalenka ya fita injin ya mutu. Ruwan sama ya ɗauke da safe, amma farin hayaƙin nan na teku ya sauko ya rufe ko'ina, sama da ruwa suka zama abu ɗaya. Kuna tuƙi da hannu ba ku san ko gida kuke nufa ko tsakiyar teku ba. Mata suka cika bakin ruwa suna kuka. Kobina ya ɗauko ƙahon nan ya hau dutsen da ke ƙarƙashin tsohuwar ganuwa, igiyar ruwa tana dukan ƙafarsa, ya shiga busa dogon sauti guda, ya huta, ya sake. In ya gaji in karɓa da nawa, amma nawa ba ya kai inda nasa ke kaiwa, wannan kam ban taɓa musu ba. Tun hantsi har rana ta karkata. Leɓensa ya tsage, na ga jini a bakin ƙahon. Sai ga hancin kwalekwalenka ya ɓullo daga cikin farin nan, mutanenka duka a ciki, ba wanda ya rage.

Kai da bakinka ka faɗa a bakin ruwa, kana rawar sanyi: "Mun ji kamar saniya tana kuka can nesa, muka ce inda saniya take nan ƙasa take." Kobina ya ce, "To ka ga, yau saniya ta koro jakai gida." Matarka ta kawo masa tuwon masara da miyar kifi har inda yake. Bai taɓa ba. Ya ce a ba shi ruwan rijiya tukuna. Yana zaune a kan yashi, ya kwance ƙahon ya ɗauraye gishirin tas, ya goge, ya shafa mai, sannan ya wanke hannu ya ci abinci. Kana tsaye kana kallo. 'Ya'yan mutanen da ke cikin kwalekwalen nan suna cikin taron nan, wasunsu da jikoki a cinya.

Kobina, abokin tsayuwata, Allah ya jiƙanka. Ubangiji ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka, na baki da na zuciya, ya karɓe ka kamar yadda kake karɓar duk wanda ya zo maka da ƙaho a karye. Ka raka mutane da yawa zuwa makwancinsu, masu dangi da marasa dangi. Allah ya sa ka tarar da masu tarbarka. Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haskaka maka hanya, ya ba ka hutun da ba ka yarda ka yi a duniya ba.

Maame Araba, sannu. Kin yi haƙuri da mutum mai taurin kai, na san nauyinsa don ni ma na ɗauka ta gefen hagu. Allah ya ba ki dangana, ya tsare ki a kwanakin takaba, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki. Ɗansa Ebo da ke ƙasar waje, da 'yarsa Efua, da ƙanwar Kobina Maame Esi, da dukan dangi na ɗaki da na waje, ina yi muku ta'aziyya. Allah ya haɗa kanku, kada ya bar zane ko zobe ya shiga tsakaninku. 'Yan ƙungiyar Bakin Dutse, mu ma a yi mana gaisuwa, don daman jerinmu ya zama fili.

Saura kai, Opanyin. Ba gado nake nema ba, ƙahon na wanda dangi suka ba ne. Ba na so in shiga ɗakin ma. Ka zo da Maame Esi da duk wanda kake so ya zama shaida, ka zuba wa Kobina abin sha a bakin ƙofa ka gaya masa ni ne, ka shiga da kanka ka miƙo mini akwatin ta taga. A tsakar gida zan wanke, a gaban idonku, kafin tukunya ta tafasa na gama, ka mayar ka kulle. Gobe ba ta yi mini kusa ba, yau ma ba ta yi ba.

Na san kana zaune a kujerar tsakiya, na san makullin yana ɗaure a gefen zanenka. In mai karatu ya kai nan, kada a buga ganga, kada a fara raba abin sha. Zan miƙe tsaye. Kowa a garin nan ya san halin da gwiwoyina suke ciki, kuma kowa ya san ba na zama in na ce ba zan zauna ba. Kada ka ce mini sai dangi sun taru, ga su nan duka a bayanka. Ka dube ni, Opanyin Kweku Dadzie, ka amsa mini a gaban mutane: za ka buɗe, ko ba za ka buɗe ba?